Yadda David Chase Ya Ɗora Marubuci Kan Ragamar Talabijin a Amurka

A masana'antar sinima ta Amurka, darakta ne ake jingina wa fim, shi ake yabo idan ya yi kyau, shi ake zargi idan ya lalace, amma a fagen talabijin al'amarin ya daɗe da bin wata hanya dabam, domin shiri mai dogon zango yakan ci daraktoci da yawa, kowane ya ɗauki kashi ɗaya ko biyu ya wuce, wanda ke zama daram tun daga farko har ƙarshe shi ne jagoran shiri. Jagoran shiri marubuci ne da aka haɗa masa iko biyu: shi ke shugabantar ɗakin marubuta, inda ake tsara labarin zango guda kafin a raba shi kashi-kashi, kuma shi ke da ta-cewa a kan zaɓen 'yan wasa, da kasafin kuɗi, da yadda za a tace hoto. Muƙamin ya girmi David Chase, tun da irin su Steven Bochco, wanda ya fito da Hill Street Blues a 1981, sun riƙe shi da ƙarfi, sai dai a hannun Chase ne ya kai matsayin da masu sharhi suka fara kallon shirin talabijin a matsayin aikin mutum ɗaya, kamar yadda ake kallon littafi.

An haifi Chase a 1945 a Mount Vernon da ke jihar New York, ya kuma tashi a jihar New Jersey cikin iyali 'yan asalin Italiya, mahaifinsa yana da kantin sayar da kayan gini. Burinsa na ƙuruciya kiɗa ne, daga baya ya koma ga sinima, har ya yi digiri na biyu a fannin fim a Jami'ar Stanford, yana fatan ya zama darakta irin na Turai da yake sha'awa. Ƙofar da ta buɗe masa kuwa ta talabijin ce. Ya yi rubutu a Kolchak: The Night Stalker a tsakiyar shekarun 1970, sannan ya shafe shekaru a The Rockford Files, labarin wani mai binciken sirri, ya samu lambar Emmy, wadda ita ce babbar lambar yabo ta talabijin a Amurka, saboda rubutun Off the Minnesota Strip na 1980, daga bisani ya yi aiki a I'll Fly Away da Northern Exposure a farkon shekarun 1990. Wannan tarihin aiki ne da kowane marubuci zai yi alfahari da shi, amma Chase bai taɓa ɓoye cewa yana ganin talabijin a matsayin wurin da ya maƙale ba.

Ƙorafinsa yana da tushe a tsarin kasuwar kanta. A wancan zamani, manyan tashoshi irin su ABC da CBS da NBC da kuɗin talla suke rayuwa, saboda haka dole kowane kashi ya kasu gida-gida don a saka talla, dole zango ya kai kashi 22 ko kusa da haka, dole kuma jarumin labari ya zama mutumin da ba zai kori mai kallo ko ya fusata mai talla ba. Tashar HBO kuwa kuɗin wata-wata take karɓa daga masu kallo kai tsaye, ba ta saka talla a cikin shiri, don haka abin da take buƙata shi ne shirin da zai sa mutum ya ga dalilin ci gaba da biya, ko da ya ɓata wa wasu rai.

Labarin The Sopranos, shirin da Chase ya jagoranta a HBO, ya fara ne a zuciyar Chase a matsayin fim na sinima, game da wani shugaban gungun masu laifi na Mafiya da ke zuwa wurin likitar ƙwaƙwalwa saboda matsalarsa da mahaifiyarsa, kuma Chase ya sha faɗa cewa daga halin tasa mahaifiyar ya ɗebo halin Livia Soprano, mahaifiyar jarumin. Tashar Fox ta duba rubutun ta ƙi, HBO ta karɓa, aka ɗauki kashin gwaji a 1997, wato kashi na farko da ake yi don tasha ta gani kafin ta yanke shawarar zuba kuɗi. Chase da kansa ya ba da umarnin wannan kashi, kuma abin mamaki, fatansa a lokacin shi ne HBO ta ƙi shirin, ya samu ƙarin kuɗi ya mayar da shi fim. An fara haska shi ranar 10 ga Janairu, 1999, James Gandolfini a matsayin Tony Soprano, ƙaton mutum mai ban tsoro wanda ya yanke jiki ya faɗi a bayan gidansa bayan agwagin da suka saba sauka a tafkin wankansa sun tashi sun tafi.

Inda ikon jagoran shiri ya fito fili shi ne kashi na 5 na zangon farko, mai suna College. A cikinsa Tony ya ɗauki 'yarsa Meadow zuwa jihar Maine don ta duba jami'o'in da take son shiga, a hanya ya hango wani tsohon ɗan gungunsu da ya tona musu asiri ga hukuma ya sauya suna, sai ya ajiye yarinyar a wata makaranta, ya bi mutumin, ya shaƙe shi da waya har lahira, kyamara kuma ba ta kau da kai ba. Chris Albrecht, wanda ke kula da shirye-shiryen HBO a lokacin, ya ji tsoron masu kallo za su juya wa Tony baya, Chase kuwa ya dage cewa idan shugaban Mafiya ya ga mai tona asiri ya ƙyale shi, labarin ya zama ƙarya. Maganar Chase ce ta yi rinjaye, kashin ya ci Emmy ta rubutu, kuma daga nan ne tashoshi suka gane cewa mai kallo zai iya bin mugun jarumi shekara da shekaru.

Shirin ya yi zango 6 da kashi 86, ya tara Emmy 21, kuma a 2004 ya zama shiri na farko daga tashar biyan kuɗi da ya ci lambar gwarzon wasan kwaikwayo. Daga ɗakin marubutansa Matthew Weiner ya fita ya jagoranci Mad Men, Terence Winter kuma Boardwalk Empire. Kashin ƙarshe, na ranar 10 ga Yuni, 2007, wanda Chase ya rubuta ya kuma ba da umarni, ya yanke ne a tsakiyar cin abincin iyali, allo ya yi baƙi na kusan daƙiƙa 10, har mutane da yawa suka zaci na'urarsu ce ta lalace; da wuya a ce tashar da ke jiran kuɗin talla za ta yarda da irin wannan rufewa.

Sai a 2012, yana da shekara 67, Chase ya cika burinsa na ba da umarnin fim ɗin sinima, da Not Fade Away, labarin samarin New Jersey masu ƙungiyar kiɗa a shekarun 1960, Gandolfini a matsayin uba, amma fim ɗin bai yi kasuwa ba. Bayan rasuwar Gandolfini a Roma a 2013, Chase ya koma ga iyalin Soprano da The Many Saints of Newark, wanda ya rubuta tare da Lawrence Konner, Alan Taylor ya ba da umarni, Michael Gandolfini, ɗan marigayin, kuma ya fito a matsayin Tony yana matashi. An sake shi a Oktoba 2021 a gidajen sinima da manhajar HBO Max rana ɗaya, matakin da Chase ya fito fili ya nuna rashin jin daɗinsa da shi, domin don babban allo ya rubuta shi.