Daga Sanƙira zuwa Monita: Tarihin Lasifika a Ƙasar Gumel

Kafin zuwan kayan lantarki, isar da sauti ga taro a masarautar Gumel, wadda a yau ta ƙunshi ƙananan hukumomin Gumel da Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar, aiki ne na maƙogwaro da fata da ƙarfe. Sanƙira, wato mutumin da kan ɗaga murya ya sanar da jama'a abin da aka zartar a wurin suna ko ɗaurin aure, shi ne amsa-kuwwar wancan zamani, kamar yadda kakaki da tambari suke sanar da na nesa fitowar sarki. Ma'aunin nagarta a lokacin ɗaya ne: nisan da murya ta kai.

Da wannan ma'auni aka karɓi na'urorin da suka biyo baya. Garmaho da faifansa sun fara shigowa, sannan rediyo ya bazu bayan buɗe sashen Hausa na BBC a 1957 da gidan rediyon Kaduna a 1962, daga bisani kaset, wanda kamfanin Philips ya fitar a 1963, ya kai muryoyin Mamman Shata da Ɗan Maraya Jos da Musa Ɗanƙwairo har rugage. Amma abin da ya fi saba wa kunnen mutanen yankin shi ne lasifikar ƙarfe mai faɗin baki, wadda ake ɗaurawa a kan masallaci ko a kan motar mai tallar magani ranar Alhamis a kasuwar Maigatari. An ƙera ta ne domin ta jefa muryar mutum nesa, saboda haka takan zubar da amo mai kauri, irin na gindin ganga, ta bar na tsakiya kawai, kuma tsara guda ta tashi tana jin waƙa a cikin wannan siffa.

Sana'ar ɗaukar sauti ta sauya ne daga Kano, mai tazarar kimanin kilomita 120 daga Gumel, bayan fitowar fim ɗin Turmin Danya a 1990. A rabin ƙarshe na shekarun 1990, situdiyo irin na Iyan-Tama suka ɗauki fiyano ƙirar Yamaha, na'urar da ke kwaikwayon kayan kiɗa da yawa a hannun mutum ɗaya, kuma kiɗan fim ɗin Sangaya ya nuna wa matasa cewa ana iya haɗa waƙa ba tare da ayarin makaɗa ba. Da manhajojin kwamfuta irin su Cubase da FL Studio suka yaɗu, sai situdiyo ya koma ɗaki guda da makirfo guda.

A nan ne monita ta shigo, kuma aikinta kishiyar na tsohuwar lasifika ne. Monita lasifika ce da aka ƙera domin ta fito da sauti yadda yake, ba ƙari ba ƙawa, ta yadda mai haɗa kiɗa zai ji kuskurensa kafin jama'a su ji. Ɗaya daga cikin mafiya shahara, NS-10, kamfanin Yamaha na Japan ya fitar da ita a 1978 domin falon gida, ba ta samu kasuwa sosai a can ba, sai ga injiniyoyin Amurka da Ingila sun rungume ta saboda ba ta rufa wa aibi asiri, har aka daina ƙera ta a 2001.

Matashin da ya tara kuɗi ya sauya lasifikar biki da monita ya yi daidai, sai dai sau da yawa ɗakin ne ke cin amanarsa. Ginin bulo da daɓen siminti da rufin kwano suna mayar da sauti, amo mai kauri kuma yakan taru a kusurwa, har mai aiki ya rage shi fiye da kima, waƙar ta fito ba nauyi. Shi ya sa masana sana'ar suka fi son monita mai inci 5 a ƙaramin ɗaki a kan mai inci 8, a ɗora ta daidai tsayin kunne, a janye ta daga bango, tazarar da ke tsakanin monita biyu, ta hagu da ta dama, ta yi daidai da tazarar kowacce zuwa kan mai sauraro. Katifa da labule mai kauri suna rage ƙarar da ke dawowa, ko da yake ba sa maganin amon kusurwa, ga kuma gurnanin janareto da zafin bazara, wanda ke tilasta kashe fanka duk lokacin da aka kunna makirfo.

Duk da haka tsohon ma'auni bai mutu ba, domin mafi yawan masu sauraro a ƙauyukan Gagarawa da Sule Tankarkar da wayar hannu suke jin waƙa, ko da ƙaramin rediyo mai cin memori. Saboda haka mai haɗa kiɗa, bayan ya gama da monita, yakan tura waƙar a waya, ya fita tsakar gida ya saurara, in kalmomin mawaƙi sun nutse a cikin kiɗa ya koma ɗaki ya ɗaga murya.