Audu Baƙo Da Abubakar Rimi A Bakin Mutanen Kano Ta Kudu

Duk wanda ya taɓa zama da dattawa a majalisar bayan la'asar a Bebeji ko Kiru ko Tudun Wada, zai lura cewa ba su cika ƙirga shekaru da lambobi ba. In ka tambayi tsoho yaushe ya yi auren fari, sai ya ce maka, "Ai lokacin ana aikin Tiga ne." In ka tambayi shekarun ɗansa, ya ce, "An haife shi shekarar da Rimi ya soke haraji." Ni kaina da irin wannan lissafin na tashi. Abin da ya daɗe yana ba ni mamaki shi ne, mutanen nan biyu da ake ƙirga zamani da su, babu wanda aka haifa a garuruwan nan, kuma kowannensu sai da gwamnatin soja ta gurfanar da shi ta ce ya yi laifi. To me ya sa talaka bai manta da su ba? Wannan nake son mu duba yau.

Mu fara da Audu Baƙo. Ɗan sanda ne, kuma ɗan ɗan sanda. A barikin 'yan sanda na Kaduna aka haife shi a 1924, ya shiga aikin a 1942, ya yi ta hawa har ya kai manyan muƙamai. Da Janar Yakubu Gowon ya raba Nijeriya jihohi 12 ranar 27 ga Mayu, 1967, sai aka miƙa masa Jihar Kano, wadda a lokacin ta haɗa har da Jigawa ta yanzu. Jiha ce sabuwa fil, ga yaƙin basasa ya kunno kai, ga ma'aikata ƙalilan. Ya yi gine-gine da yawa a birni, har yau sakatariyar gwamnati da gidan zu suna ɗauke da sunansa. Amma mu a nan kudu, da ruwa muka san shi.

Kogin Kano daga tuddan kudu yake gangarowa, ya ratsa dajin Falgore, ya nufi arewa. A da, in damina ta yi sai ya cika ya batse ya wuce abinsa, in rani ya yi sai yashi. Audu Baƙo ya ce a tare wannan ruwa. Ya fara da ƙaramar madatsa a Bagauda, sannan aka shiga aikin Tiga daga 1971 zuwa 1974. Bango ne na ƙasa mai tsawon kusan kilomita 6, tsayinsa mita 48, tafkin da ke bayansa kuwa an tsara shi ne tun farko ya ɗauki ruwa kusan kubik mita biliyan biyu. Daga nan aka ja babbar magudanar ruwa zuwa gonakin Kadawa, inda aka tsara noman rani a kan hekta 22,000 a zangon farko.

Mai karatu ya tuna cewa a daidai waɗannan shekaru ne fari ya auka wa ƙasashen Sahel, tsakanin 1972 da 1974. Shanu sun mutu, gero ya ƙone a gona, mutane sun yi ta kwararowa kudu neman abinci. A Jamhuriyar Nijar, yunwar nan na cikin dalilan da suka sa sojoji suka kifar da gwamnatin Diori Hamani a watan Afrilun 1974. Wanda ya ga wannan da idonsa, ya kuma waiwayo ya ga teku a tsakiyar ƙasar Kano, ba sai an yi masa wa'azi a kan amfanin madatsa ba. Alkama da tumatir da albasar Kadawa da Garun Malam, shinkafar Kura, kifin da masunta ke fitarwa a Tiga, har da ruwan famfon da ake tacewa a Tamburawa a tura birni, duk daga wannan bango suke.

Sai dai ba zan ɓoye ɗaya gefen ba. Dubban mutane aka tasa daga gidajensu da gonakinsu da makabartun iyayensu domin ruwa ya kwanta. Can ƙasa kuma, a fadamun Haɗeja da Nguru, ambaliyar da manoma da masunta da makiyaya suka dogara da ita duk shekara ta ragu, ciyawar kachala ta toshe hanyoyin ruwa. Mutumin Doguwa da na Tudun Wada kuwa, da yake su ne a sama, yawanci sai dai su ga ruwa yana wucewa, romon noman ranin ya fi sauka a gonakin da ke ƙasan madatsar.

Ranar 29 ga Yuli, 1975 aka hamɓarar da Gowon, Janar Murtala Muhammed ya hau, ya sauke gwamnoni gaba ɗaya. Binciken da aka yi ya sami 10 daga cikin 12 da laifin tara dukiya ba bisa ƙa'ida ba. Mobolaji Johnson na Legas da Oluwole Rotimi na Jihar Yamma ne kaɗai suka fita. Ke nan Audu Baƙo yana cikin goman. Ya koma gona, ya rasu a 1980.

Shi kuwa Muhammadu Abubakar Rimi, ɗan ƙauyen Rimi ne a ƙasar Sumaila, an haife shi a 1940. Almajirin siyasar Malam Aminu Kano ne, ya kuma zauna a majalisar tsara tsarin mulki ta 1977 zuwa 1978. Ranar 1 ga Oktoba, 1979 aka rantsar da shi gwamnan Kano a ƙarƙashin jam'iyyar PRP yana da shekara 39. Bai ɓata lokaci ba ya soke haraji da jangali, kamar yadda takwaransa Balarabe Musa ya yi a Kaduna.

Yaran yanzu ba za su gane nauyin wannan magana ba. Haraji kuɗi ne a kan kowane baligi, ko ya samu ko bai samu ba. Jangali kuwa a kan kowace saniya. Na sha jin dattawanmu suna ba da labarin yadda magidanci kan sayar da hatsinsa da kaka a wulaƙance don ya biya, sannan da bazara ya dawo ya sayi hatsin da tsada. Wani a shanya shi a rana gaban iyalinsa. Wani ya tsere cin rani, ba don yana so ba. Fulanin da ke kiwo wajejen Falgore da Doguwa kuwa, da sun ji ƙishin-ƙishin masu ƙirga suna tafe, sai su kora shanu cikin daji da dare. Rana ɗaya aka ce wannan ya ƙare. Shi ya sa har yau tsoho yake ƙirga shekarun ɗansa da ita.

Bai tsaya nan ba. A 1980 ya kafa hukumar yaƙi da jahilci, wadda ta sami lambar yabo ta UNESCO a 1983. A ƙauyuka da yawa, ajin dare na wannan hukuma ne ya fara sa magidanci ya rubuta sunansa maimakon dangwala yatsa. Ya kai wutar lantarki garuruwan karkara, ya kafa jaridar Triumph da gidan talbijin na CTV wanda yanzu ake kira da sunansa, a zamaninsa ne kuma aka kafa hukumar KNARDA ta bunƙasa noma. Jama'a suka laƙaba masa Limamin Canji.

Shi ma da nasa. Ya ɓata da ubangidansa Malam Aminu, PRP ta dare biyu, 'yan santsi da 'yan taɓo, gaba ta shiga har cikin gidaje. Takardar tuhumar da gwamnatinsa ta aika wa Sarkin Kano Ado Bayero ta jawo tarzomar 10 ga Yuli, 1981, wadda a cikinta aka kashe mai ba shi shawara kan siyasa, Dokta Bala Muhammad. A 1983 ya ajiye kujera ya koma NPP, Sabo Bakin Zuwo ya kayar da shi. Bayan juyin mulkin 31 ga Disamba, 1983, kotun soja ta ɗaure shi. Daga baya ya yi ministan sadarwa a farkon mulkin Abacha, sannan ya dawo cikin masu adawa da shi a 1998. Ya rasu ranar 4 ga Afrilu, 2010. Ko soke harajin ma akwai masu cewa ya bar baya da ƙura, domin ƙananan hukumomi sun koma zaman jiran kason Tarayya, wanda kuma ba ya karɓar kuɗi daga hannunka ba ya jin tsoron tambayarka. Ina ganin wannan magana tana da ƙamshin gaskiya.

To ga su nan su biyu. Ɗaya ɗan sanda mai kaki wanda ba wanda ya zaɓe shi, ɗaya ɗan siyasa mai zafin baki. Ban kawo laifuffukansu don in ci zarafin matattu ba, kuma ban yarda da masu cewa tunda mutum ya yi aiki sai a rufe ido a kan sauran ba. Wanda aka tasa daga gonarsa a Tiga yana da haƙƙin a faɗi labarinsa, haka iyalan waɗanda suka mutu a 1981. Amma na fahimci cewa talaka yana da nasa littafin, daban da na kwamitin bincike. Abin da yake rubutawa a ciki shi ne abin da ya taɓa gonarsa, da aljihunsa, da mutuncinsa a gaban 'ya'yansa. Audu Baƙo ya taɓa gonar, Rimi ya taɓa aljihun da mutuncin.

Daga 1999 zuwa yau, mazaɓun Bebeji da Kiru, da Tudun Wada da Doguwa, sun tura wakilai Abuja, wasu sun riƙe manyan muƙamai a majalisa. Ba zan yanke wa kowa hukunci ba, aikin masu zuwa ne. Amma duk lokacin da wani ya zo neman ƙuri'a da buhun shinkafa da atamfa, ina roƙon matasanmu su tambaye shi abu ɗaya: nan da shekara 40, da wane aikinka tsoho zai ƙirga shekarun ɗansa?

Allah Ya jiƙan Audu Baƙo, Ya jiƙan Abubakar Rimi, Ya yafe musu kurakuransu, mu kuma Ya ba mu shugabanni masu tausayinmu. Wanda yake da gyara ko ƙarin bayani, musamman dattawan da suka ga aikin Tiga da idonsu, ƙofa a buɗe take.