Abdullahi ɗan Fodiyo: rayuwarsa a Boɗinga da zuriyar da ta gaji Gwandu

Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, wanda aka fi sani da Abdullahin Gwandu, ƙanen Shehu Usmanu ne kuma wazirinsa. An haife shi wajen 1766, Shehu ya girme shi da kimanin shekara 12. Mahaifinsu shi ne Malam Muhammadu Fodiyo, daga Fulanin Toronkawa. A hannun yayansa ya yi mafi yawan karatunsa, sannan su biyun suka ɗauki ilimi wurin Malam Jibrila ɗan Umaru.

Da jama'a suka yi hijira zuwa Gudu a 1804, Abdullahi ne ya fara yi wa Shehu mubaya'a. A watan Yunin shekarar ya jagoranci rundunar da ta karya Sarkin Gobir Yunfa a Tafkin Kwatto, a 1805 kuma ya ci Birnin Kabi.

Nasarar ba ta kwantar masa da hankali ba. Ya ga mayaƙa sun fara karkata ga ganima da dawaki da neman muƙami, abin da aka fito yaƙa tun farko. Wajen 1807 ya bar rundunar ya nufi gabas da niyyar zuwa Makka. Kanawa suka tsayar da shi, suka roƙe shi ya rubuta musu yadda ake tafiyar da mulki. Amsarsa ita ce Liya'ul Hukkam, inda ya gargaɗi shugaba kada ya mayar da halifanci sarautar gado. Daga Kano ya juyo gida.

Bayan faɗuwar Alkalawa a 1808, Shehu ya bar Gwandu ya koma Sifawa, Abdullahi kuwa ya zauna Boɗinga, kusa da shi. A 1812 aka raba kula da daula: gabas ga Muhammadu Bello, yamma ga Abdullahi. Wannan zama na Boɗinga, wanda masu ba da tarihi kan ratsa da sauri, shi ne lokacin da alƙalaminsa ya fi albarka. A cikinsa ya rubuta Ida'un Nusukh, mai lissafa malaman da ya yi karatu wurinsu, da Tazyinul Waraƙat a 1813, wanda ya tattara waƙoƙinsa da labarin jihadi har da ɓacin ransa, sai babban tafsirinsa, Liya'ut Ta'awili.

Shehu ya koma Sakkwato a 1815, ya rasu a watan Afrilun 1817. Abdullahi ya taso daga Boɗinga, ya tarar an riga an yi wa Bello mubaya'a, an kuma rufe masa ƙofar gari. Bai ɗaga takobi ba, ko da yake yana da shekaru da ilimi da tarihin yaƙi da za su sa mutane su bi shi. Ya tattara ya koma Gwandu. Shekaru kaɗan bayan haka mutanen Kalambaina suka yi masa tawaye, Bello ya kawo masa gudummawa, a nan baffa ya yi wa ɗan yayansa mubaya'a. Wazircin Sakkwato ya tabbata a hannun Giɗaɗo ɗan Laima, Gwandu kuma ta ci gaba da kula da yamma da kudu maso yamma, har Nupe da Ilori.

Abdullahi ya rasu a Gwandu, wasu sun ce 1828, wasu 1829. Ɗansa Muhammadu ya gaje shi, sai Halilu, wanda ya yi sarauta daga 1833 zuwa 1858, daga nan wasu 'ya'yan nasa suka biyo bi da bi. Mutumin da ya ƙi sarautar gado a takarda ya zama tushen gidan sarautar da ya doshi shekara 200. Ana iya cewa 'ya'yan malamai ne da suka cancanta, musamman Halilu, sai dai zaɓen bai sake fita daga gidan ba.

A zamanin Turawa fadar ta koma Birnin Kabi, inda take har yau a Jihar Kabi, Boɗinga kuwa tana Jihar Sakkwato. Cire Sarki Almustafa Haruna Jokolo a 2005 da naɗa Muhammadu Iliyasu Bashar, wanda ya jawo shari'ar shekara da shekaru, rikici ne tsakanin jikokin Abdullahi, amma gwamnan jiha ne ya sa hannu a cirewar da naɗin.