Kadawa: Garin da Ruwa Ya Sauya wa Tarihi

A wannan fitowa ta bikin zagayowar ranar kafa ƙungiyarmu, mun ga ya dace mu waiwayi ƙasar da muke ci daga cikinta. Yaranmu da yawa sun buɗi ido sun ga ruwa yana gudu a kanal rani da damina, har suna zaton haka Kadawa take tun fil azal. To, ba haka ba ne. Ruwan nan kawo shi aka yi, kuma akwai abin da aka biya kafin ya zo.

Kadawa tana cikin ƙaramar hukumar Garun Malam a jihar Kano, a kan hanyar Kano zuwa Zariya, idan an wuce Kura. Maƙwabtanmu su ne irin su Ciromawa, Ɗorawar Sallau da Kwanar Gafan, sai ƙasar Bunkure ta gabas. Ƙasarmu shimfiɗaɗɗiya ce, mai ɗan gangare kaɗan, kuma wannan gangaren shi ne sirrin komai, domin shi ya sa ruwa yake iya tahowa da ƙafarsa ba tare da inji ba. Kogin Kano yana fitowa ne daga duwatsun kudu, ya haɗu da kogin Calawa su zama kogin Haɗeja, ya bi ta Wudil ya nufi ƙasar Nguru, daga nan sai Tafkin Cadi.

A da, kakanninmu noma ɗaya suka sani, na damina. Ruwa ya sauka wajen watan Mayu ko Yuni, ya ɗauke a ƙarshen Satumba. Ana shuka gero da dawa da wake a gandu, mai ɗan ƙarfi ya ƙara da gayaunarsa. Ana noma auduga da baba, saboda Kura ta yi suna wajen rini, har Buzaye daga Sahara suna neman turkuɗinta. Mata kuwa suna kaɗi, zaren nan da masaƙa ke saƙawa daga hannunsu yake fita. Noman rani sai mai fadama, da jigo da guga, ɗan abin miya. Da an kai amfani rumbu, samari su tafi cin rani, a bar tsofaffi da mata da yara.

A 1903 sojojin Turawa suka taso daga Zariya, suka bi ta Bebeji da ke kusa da mu, suka ci Kano. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, sai gyaɗa ta zama abin kuɗi, da ita ake biyan haraji. Amma wanda ya dogara da damina ɗaya kullum a bakin rami yake. Yunwar Kakalaba ta 1913 zuwa 1914 ta ci mutane da yawa a ƙasar Kano. Farin 1972 zuwa 1974 kuwa akwai waɗanda suka gan shi da idonsu a cikinmu, sannan a 1975 cuta ta faɗa wa gyaɗa, dalar gyaɗa ta zama labari.

A cikin wannan zamani ne Gwamna Audu Bako, wanda ya riƙe jihar Kano daga 1967 zuwa 1975, ya sa gaba wajen tare ruwa. An fara gwajin noman rani a nan Kadawa da ruwan madatsar Bagauda, aka kammala dam ɗin Tiga a 1974. Injiniyoyi daga ƙasar Holan ne suka zana tsarin. Ruwa yana barin Tiga ya shiga Ruwan Kanya, ya biyo babban kanal, ya rabu gida biyu, gabas da yamma, daga nan ƙananan magudanai su kai shi bakin gona. Zangon farko an tsara shi ne a kan hekta 22,000. Daga baya aikin ya koma hannun hukumar kogunan Haɗeja da Jama'are ta gwamnatin tarayya. Cibiyar binciken aikin gona ta Samaru ma tana da gonar gwaji a nan.

Yanzu sai mu zo ga abin da aka biya. Kafin ruwa ya bi gona sai an baje ta. Katafila ta shigo ta share iyakokin gado, aka sake yanka filaye aka mayar wa masu su, bayan an cire na kanal da na hanya. Itatuwa da yawa sun tafi: ɗorawa, kaɗanya, kuka. Ga maza wataƙila inuwa ce aka rasa. Ga iyayenmu mata kuwa jari ne ya faɗi, domin daddawa da man kaɗe da kuka da itacen girki duk daga nan suke. Ruwan da ba ya ƙafewa kuma ya zo da sauro da tsargiya. Can ƙasa, mutanen Haɗeja da Nguru sun ga ambaliyar da ke ciyar da fadamunsu ta ragu, ga kacala ta toshe musu hanyoyin ruwa. Ruwan da muke sha, wani aka rage wa.

Duk da haka matan wannan yanki ba su naɗe hannu ba. Da alkama ta shigo, su ne a sheƙa da kala. A shekarun 1970 wani kamfanin Turai ya noma ɗanyen wake a wannan aikin ruwa yana kaiwa Turai, mata ne ke tsinka masa. Da suka ga ladan bai kai wahalar ba, suka ajiye aiki gaba ɗaya suka nemi ƙari, har aka buga labarin a wata mujalla ta Ingila a 1978. Yawancinsu ba su taɓa shiga aji ba, amma sun san tsintsiya ɗaya ba ta shara.

Amfanin gonarmu ya yi ta sauyawa da sauyin gwamnati da kasuwa. Da aka hana shigo da alkama a 1987, kowa ya koma alkama; da aka ɗage hanin, farashi ya faɗi. Sannu a hankali shinkafa ta karɓe damina, tumatir da albasa suka karɓe rani. Kwanar Gafan ta zama kasuwar da manyan motoci ke lodin kwandunan tumatir zuwa Legas. Idan ya yi kwantai, mu ne masu yanka shi mu shanya ya zama kauɗa. Shinkafa kuma mu ne masu turara ta kafin ta je inji. A 2016 aka buɗe masana'antar tumatir ta Ɗangote a nan garinmu, mai iya sarrafa tan 1,200 a rana, a shekarar kuma tsutsar nan da manoma suka sa wa suna Sharon ta cinye gonaki. Wanda ya zuba duk jarinsa a tumatir ya ji a jikinsa.

Abin da tarihin nan ke nuna mana a fili yake. Albarkar Kadawa tana rataye ne da kanal, kanal kuwa yana cikewa da yashi da ciyawa idan aka yi sake. An yi masa gyara da tallafin Bankin Duniya, an kuma ƙarfafa ƙungiyoyin masu amfani da ruwa. Wannan zama bai kamata a bar wa maza su kaɗai ba. 'Yar uwa, idan kin gaji gona a cikin ruwa, ki san iyakarta, ki san wa ke noma ta, kada ki sayar don biki na kwana biyu. Mu hana yara zuba shara da wanka a kanal. Mu dasa ɗorawa da kaɗanya a gonakin tudu, ko ba mu ci ba jikokinmu za su ci.

Allah ya jiƙan magabatanmu, ya ba mu damina mai albarka da rani mai albarka. Amin.