Yadda Addu'ar Kullum Ta Samu Gindin Zama a Gidajen Kiristocin Ƙasar Hausa

A shekarar 1929 layin dogo ya iso Kaura Namoda daga Zariya, bayan ya ratsa Funtuwa da Gusau. Gyaɗa da auduga jirgin ya zo kwasa, amma ya sauke akawuna, ma'aikatan reluwe da 'yan kasuwa daga Kudu, da yawansu Kiristoci. Ƙasar da suka tarar, daga Kaura zuwa Sakajiki, Zurmi da Shinkafi, ƙasa ce da ladan ke tada kowa tun asuba. A irin wannan wuri, wanda ba a ganin ibadarsa sai ran Lahadi dole maƙwabta su tambaye shi: sauran kwana shidan fa?

Amsar ta girmi layin dogo nesa ba kusa ba. Annabi Daniyel yakan durƙusa sau uku a yini a Babila, kuma Didake, wani ɗan littafin koyarwa na ikkilisiyar farko, ya umurci masu bi su yi Addu'ar Ubangiji sau uku kullum. Daga baya masu zaman zuhudu suka ƙara yawan lokutan, har abin ya fi ƙarfin manomi da ɗan kasuwa. A 1549 Thomas Cranmer, babban bishop na Kantabari a Ingila, ya taƙaita su zuwa biyu, safe da yamma, cikin harshen da talaka ke ji.

Wannan tsari ne Dakta Walter Miller na mishan ɗin CMS ya zo da shi. Ayarinsu ya isa Kano a 1900, Sarki Alu ya sallame su, sai a 1905 Miller ya samu zama a birnin Zariya, ya kuma juya addu'o'in safe da yamma zuwa Hausa. Wajen 1913 wasu daga cikin Isawa, almajiran Malam Ibrahim da aka kashe a Kano saboda wa'azinsa game da Annabi Isa, suka neme shi, aka kafa musu zango a Gimi. Mutane ne da suka tashi da karatun allo da kiyaye lokutan ibada, ba sai an koya musu sammako ba. Ciwon barci ya yi wa Gimi mummunar ɓarna, mishan kuma ya koma Wusasa a 1929.

Amma littafi ne ya fitar da addu'a daga majami'a ya kai ta tsakar gida. J. F. Schön, wanda wani mai suna Dorugu ya taimaka masa da Hausa, ya buga wasu sassan Sabon Alkawari tun 1857, cikakken Littafi Mai Tsarki kuwa ya fito a 1932. A ƙarshen shekarun 1930 mishan ɗin SIM ya karɓi aikin kula da kutare a Amanawa, Babbar Ruga da Yadakunya, inda marasa lafiya da dama suka koyi karatun boko suna shan magani. Maigidan da ya iya buɗe Zabura da kansa ba ya jiran fasto kafin ya tara iyalinsa.

Sauran ya biyo baya da sauri. Matan Zumunta suka riƙe addu'a da waƙa. A shekarun 1960 shirin Sabon Rai Don Kowa ya baza ƙananan ƙungiyoyin addu'a gida-gida, rediyon Muryar Bishara kuma yana watsa shiri da Hausa daga Adis Ababa har 1977. Ikkilisiyar ECWA ta samar da littafin Abincin Yini, mai ɗauke da karatu da bayani na kowace rana. 'Yan Katolika, waɗanda fada-fadan Dominikan suka yi wa hidima a Gusau tun shekarun 1950, suna da rosari da addu'ar ƙarfe shida, sha biyu da shidan yamma.

Yau da 'yan bindiga suka sa fitar dare da doguwar tafiya suka zama kasada a arewacin Zamfara, sujadar iyali ce ibadar da mai bi na ƙauye ya fi samu kullum. Ikkilisiyoyin Gusau da Kaura su kai masa littattafan Hausa, su kuma buɗe ajin yaƙi da jahilci domin matansa da 'ya'yansa.