Hotuna 25 a Sakan Ɗaya: Yadda Iyakar Wutar Lantarki Ta Shiga Faifan Bidiyo a Katsina

Mutane da dama a Katsina da suka kalli hawan Sallah a faifan VCD a shekarun 2000 za su tuna wani aibi. Doki na sukuwa a Ƙofar Soro, sai a ga yana tsalle-tsalle kamar ana fizgar linzaminsa, ko kuwa a ga mai algaita ya sauke ta daga baki alhali sautinta bai yanke ba. Masu saye kan ɗora laifin kan faifai mai arha ko ƙurar hunturu. Wani lokaci sun yi gaskiya. Amma sau da yawa cutar ta girmi faifan da shekaru hamsin, domin asalinta yana cikin adadin hotunan da ido ke gani a kowane sakan.

Bidiyo jerin hotuna ne tsayayyu da ake sauyawa da sauri. Masu fim ɗin silima sun tsaya kan hotuna 24 a sakan tun ƙarshen shekarun 1920, lokacin da sauti ya shigo. Talabijin kuwa ta bi bugun wutar lantarki. A Amurka wuta na juyawa sau 60 a sakan, sai aka ɗauki hotuna 30. Da launi ya zo a 1953 ƙarƙashin tsarin NTSC, aka rage su zuwa 29.97 don kada siginar launi ta yi karo da ta sauti. A Turai wuta na juyawa sau 50, sai aka ɗauki 25. Nan ma aka rabu biyu a 1967: Ingila da Jamus ta Yamma suka fara launi da PAL, Faransa ta fara da SECAM.

Afirka ta Yamma ta gaji wannan rabuwa. Najeriya, wadda ta buɗe talabijin a Ibadan a 1959 da Kaduna a 1962, ta ɗauki PAL da launi ya iso. Nijar ta bi Faransa ta ɗauki SECAM. Tsakanin Katsina da Maraɗi bai kai kilomita 100 ba, harshe ɗaya, dangi ɗaya, amma akwatin PAL zalla in ya kamo shirin SECAM, sai ya nuna shi baƙi da fari. Haka kaset ɗin VHS ke yi in ya ƙetare Jibiya ya faɗa na'urar da ba ta san tsarinsa ba.

A kan kaset masana'antar fim ta Hausa ta tashi, da Turmin Danya a Kano a 1990. Faifan VCD, wanda Philips da Sony da JVC da Matsushita suka tsara a 1993, ya mamaye kasuwannin Arewa a shekarun 2000, DVD ya biyo baya. Faifan ya rushe katanga ɗaya: ba shi da SECAM, don haka abin da aka buga da hotuna 25 yana tafiya a Katsina da Maraɗi baki ɗaya. Sai dai ya ƙarfafa ɗaya katangar. Ƙa'idar VCD ta tanadi girman hoto 352 da 288 ga hotuna 25, da kuma 352 da 240 ga 29.97. Abin da ya kauce wa ƙa'ida, kwamfuta na iya kunna shi lafiya, na'urar falo kuwa ta ƙi shi ko ta riƙa sarƙewa.

Matsalar ta tsananta ne saboda kayan aiki sun fito daga ko'ina. Kyamarar gwanjo daga Amurka ko Japan tana ɗauka da 29.97, mai buga faifai kuma ya zaɓi PAL. Manhaja maras inganci sai ta zubar da kusan hoto ɗaya cikin kowane shida. A fuskar malami mai tafsiri zaune ba a cika lura ba. A ƙafar doki mai gudu abin a bayyane yake.

Rabuwar baki da murya ita ma lissafi ce. Fim mai hotuna 24 in aka mai da shi 25, yana ƙara sauri da kusan kashi 4 cikin ɗari, har mai minti 120 ya koma wajen 115. In an ja sautin tare, murya takan ɗan yi sama. In an manta da shi, bayan awa ɗaya hoto ya wuce sauti da fiye da minti biyu. Ko tazarar 30 da 29.97, da ake rainawa, tana tara sakan 3.6 a awa. Akwai kuma tarkon sauti shi kaɗai: VCD na amfani da ma'aunin 44.1, DVD da 48, kuma wanda ya sauya lamba ba tare da sake sarrafa sautin ba zai ji mawaƙi na gaggawa da siririyar murya.

Daga waɗannan dalilai hanyar gano cuta ta fito. Idan tazarar baki da murya iri ɗaya ce daga farko har ƙarshe, jinkiri ne kawai, matsar da sautin ya wadatar. Idan tana ƙaruwa a hankali, adadin hotuna ko ma'aunin sauti ne ya saɓa. Idan hoto na karkarwa a talabijin duk lokacin da abu ya motsa amma yana lafiya a kwamfuta, an juya jerin rabin-hotunan da ke haɗuwa su ba da hoto guda, aka gabatar da na baya. Idan kuwa faifan na tsayawa a wuri ɗaya a wata na'ura ya wuce a wata, a nan ne ya dace a tuhumi faifan ko saurin bugunsa. Dokar da ta tattara su duka guda ce: a san adadin da aka ɗauki bidiyon da shi, a bar shi a kansa muddin zai yiwu.

Kasuwar faifai ta ja baya da zuwan katin waya da YouTube, amma lissafin bai mutu ba. Wayoyi da yawa suna ɗauka da wajen hotuna 30, adadin kuma yana hawa da sauka gwargwadon haske, abin da ke sake raba baki da murya wajen tacewa.

Abin da ya fi muhimmanci shi ne ajiya. Hawan Sallah na zamanin Sarki Muhammadu Kabir Usman, wanda ya yi sarauta daga 1981 zuwa 2008, da wasannin Mamman Shata kafin rasuwarsa a 1999, da bukukuwan gidaje masu yawa, galibi a kaset aka ɗauke su. Hoton da aka zubar wajen mai da su faifai ba ya dawowa daga faifan. Gidan da ke da tsohon kaset a akwati, ko da an riga an juye shi, yana riƙe da kwafin da ya fi cika, kuma daga gare shi ya kamata a sake juyewa.