Zaure da Rumbu: Tarihin Yola a Bakin Gine-ginenta

Gabatarwa

Duk wanda ya saba da biranen ƙasar Hausa, da zarar an ambaci ƙofa, hankalinsa kan tafi ga ganuwa, irin ta Kano mai Ƙofar Mata da Ƙofar Nasarawa. Tarihin Yola bai bi wannan tsari ba. Wannan muƙala za ta dubi zaure, wanda shi ne ƙofar iko a Yola, da kuma ƙananan gine-ginen gandayen da suka ciyar da garin.

Zauren Lamiɗo

Modibbo Adama ya kafa Yola a 1841, bayan ya zauna a Gurin da Ribaɗu da Njoboliyo. Shekara goma bayan haka, a watan Yunin 1851, Bajamushen matafiyi Heinrich Barth ya iso garin a zamanin Lamiɗo Lawal. Ya bayyana Yola a matsayin buɗaɗɗen gari mai bukkoki da faffaɗan tsakar gida, har da gonaki a tsakanin gidaje, ya kuma kiyasta mutanenta 12,000. A cewarsa, gidan Lamiɗo da na 'yan'uwansa ne kaɗai ginin ƙasa.

A irin wannan gari, zaure shi ne iyaka. Fulani na kiran gida "saare", zaure kuwa "jawleeru". A nan maigida ke karɓar baƙi, malami ke ba da karatu, basarake ke sauraren ƙara. A gidajen manya akan jera zauruka, kuma gwargwadon matsayin baƙo, gwargwadon zurfin shigarsa. Ba a kan daidaita ƙofar shiga da ta fita ba, domin kada idon na waje ya faɗa cikin gida. Ke nan ginin da kansa yana koyar da kunya da sanin matsayi.

Da sojojin Ingila ƙarƙashin Kanar Morland suka auka wa Yola a watan Satumban 1901, a kewayen fada da masallaci aka gwabza, kafin Lamiɗo Zubairu ya fice daga garin. Masu mamaya sun san cewa kama fada shi ne kama ƙasa.

Rumde da Gine-ginensa

Sai dai zaure ba ya ciyar da kansa. Abincin fada yana fitowa ne daga ƙauyukan noma na bayi, waɗanda Fulani ke kira "rumde", Hausawa kuma "rinji". Barth ya ambaci cewa a irin waɗannan ƙauyuka aka zaunar da bayin Lamiɗo suna noma masa hatsi, kuma akwai manyan da suka mallaki bayi fiye da 1,000.

Gine-ginen rumde na aiki ne, ba na ado ba: bukkokin kwana masu jinkar ciyawa, dangar zana, turken dabbobi, da uwa-uba rumbu, wato "beembal". Akan ɗora rumbu bisa duwatsu saboda danshi da gara, a gina shi da laka haɗe da ciyawa, a kifa masa jinka. Wannan hikima ce babba a kwarin Binuwai mai yawan ruwa da ambaliya. Amma laka da ciyawa sai da gyara kowace shekara. Da aka daina gyara, damina ta mayar da su ƙasa.

Kammalawa

Fadar Lamiɗo ta ɗore domin kowane zamani yana sabunta ta, har ma tana da gidan adana kayan tarihi. Gine-ginen waɗanda suka yi noman kuwa sun shuɗe, sai suna ya rage, kamar unguwar Rumde da ke Jimeta. Idan muka taƙaita tarihi a bakin zaure, mun karanta rabinsa ne kawai. Ya kamata ɗaliban Hausa da na tarihi su nemi dattawa da tsofaffin magina, su rubuta sunayen sassan gini da yadda ake yin su, tun kafin siminti da kwano su shafe sauran. Hausawa dai sun ce, kowa ya bar gida, gida ya bar shi.